Wayar Oga a Rami na Ɗaya

Har yau ban manta da Talatar da aka tura ni Kebbe gyaran na'ura, na je na tarar duk ofishin na'urar ce kaɗai ba ta buƙatar gyara ba. Cikin watan Yuni ne, ruwa ya sauka, hankalin kowa yana gona. Ina ba da labarin ne saboda ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, masu zaton abin da ke cikin littafin kamfani shi ke nan aikin.

A lokacin ina mataki na tara, ni ne jami'in kula da na'urori a ofishin shiyya na hukumarmu da ke Tambuwal. Ba sai na faɗi sunan hukumar ba. Aikinta yi wa manoma da makiyaya rajista domin rabon taki da allurar shanu. Kafin nan lissafi nake koyarwa a sakandare, kuma daga can na taho da wata mummunar ɗabi'a ta zaton idan ka yi wa mutum bayani sau biyu zai gane. Ana kirana Injiniya. Takardata ba ta ce haka ba, amma na gaji da gyara wa mutane.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, abin da muke kira suwic akwati ne na ƙarfe, shafaffe, mai ramuka ashirin da huɗu a jere, kowane rami da lambarsa da 'yar fitilarsa. Kowace kwamfuta a ofis tana da waya da ke bin bango ta zo ta shiga rami ɗaya. Aikin akwatin ya karɓi saƙo daga wannan ya miƙa wa wancan. Irin namu ana saita shi, wato ka shiga cikinsa ka gaya wa kowane rami inda aka yarda ya kai mutum da inda ba a yarda ba. Akwai kuma manhajar da ke tafiyar da shi, wadda masu ƙera shi kan fitar da sabuwarta lokaci zuwa lokaci.

Ni na saita na Kebbe da hannuna. Rami na ɗaya na ware shi don injin rajista, shi kaɗai ne ke kaiwa ga babbar kwamfutar da ke Tambuwal inda ake ajiye sunayen manoma. Sauran ramukan intanet kawai suke bayarwa. Na ƙarshe, na ashirin da huɗu, shi ne na wayar da ke hawa rufi zuwa eriya, wadda ta haɗa ofishin da duniya. Da na gama na manna wa kowace waya sunan mai ita, kamar yadda aka koya mana, na kulle durowar na ba sashen mulki makulli, kamar yadda doka ta ce.

Mai zama a kan injin rajistar nan ita ce Malama Luba. Ma'aikaciyar wucin gadi ce, ta shekara da shekaru tana jiran a tabbatar da ita. A ƙarshen watan nan ne za a aika fayil ɗin irinsu Sakkwato, kuma ƙa'ida a fili take: fayil ɗin da ke ɗauke da takardar tuhuma, wadda muke kira kwiri, ba ya tafiya. Ya jira wani zagayen, idan akwai wani zagayen.

Sai aka kai sabon shugaba ofishin Kebbe, Alhaji Sahabi, mai mataki na goma sha huɗu. Bai daɗe da kama aiki ba rajista ta tsaya cak. Shugabata a Tambuwal, Hajiya Kulu, ta ce in duba. Daga teburina ba na iya taɓa saitin, domin hedikwata ta rufe wannan hanyar saboda tsaro. Fitilun kawai nake gani a allo. Na duba, na ga rami na ɗaya a mace. Na ce ko dai injin rajista a kashe yake, ko wayarsa ta fita. Maganata ta isa Kebbe da rabinta na farko kawai.

Luba ta rantse injinta yana kunne. Alhaji Sahabi ya shiga ofishinta da kansa ya ce ta buɗe intanet. Ta buɗe, ya buɗu. To, ga intanet yana aiki, ga Injiniya ya ce tana kashe inji, ga manoma a waje suna jira. Washegari aka miƙa mata kwiri, aka aiko mana da kwafi.

Ta kira ni a waya, ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba.

"Injiniya, kai kac ce injina kashe shike?"

"Na ce ko a kashe yake, ko—"

"Ga ni gabanai, shina kunne, har zafi ya yi. In fayil ɗina bai tafi ba watan ga, kai za ka zo ka yi ma tsohuwata bayani, don ni na gaji da yi mata."

Na ɗauki laftof da shuɗiyar wayar da muke shiga cikin suwic da ita, na ɗaure su cikin leda, na hau babur ɗin ofis. Hanyar Kebbe da damina ba sai na ɓata muku lokaci da ita ba. Na isa da hantsi, wandona ya canja launi daga gwiwa zuwa ƙasa. A gindin dogon yaron da ke gaban ofis mutane ne zaune, manoma da suka bar shuka suka zo, da wasu makiyaya da sandunansu a kafaɗa, suna kallona irin kallon da ake yi wa likitan da ya makara.

Jami'in mulki, Malam Namadina, shi ya tarbe ni. Mutum ne mai tsafta da tsari, irin wanda ke goge biro kafin ya mayar aljihu. Ya buɗe mini durowar yana murmushi.

"Sannu da hanya, Injiniya. Ka ga aikin da munka yi ma?"

Na gani. Wayoyin an taje su kamar kitso, an ɗaure da zare. Sunayen da na rubuta da hannu an cire, an buga sababbi da inji, kowane suna da matakin albashinsa a gefe. Rami na ɗaya: Alhaji Sahabi. Na biyu: mataimakinsa. Haka har ƙasa. Luba tana na ashirin da uku.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Taɓawa? Gyarawa dai. Ranar da Oga yaz zagaya ofis, yac ce a buɗe mai nan, sai ga sunanai lamba sha bakwai, ƙarƙashin mai sito. Ga 'yar wucin gadi lamba ɗaya. Wallahi ni kaina sai da nij ji kunya. Sai munka bi tsarin girma. Na fuɗu da na biyar ne sunka ba mu wuya, don matakinsu guda, sai da munka buɗe fayil munka duba wanda yar riga kama aiki."

"Wannan ta ƙarshen fa?"

"Waccan ba ta da suna, ba ta da mataki. Sai munka bar ta inda take."

Na yi hamdala a zuci. Wayar da ke ɗauke da ofishin gaba ɗaya ta tsira ne saboda ba ta taɓa samun ƙarin girma ba.

Nan take komai ya fito mini. Luba tana ramin da ke ba da intanet amma ba ya kaiwa Tambuwal. Ramin da ke kaiwa Tambuwal kuwa yana hannun Oga, kuma dalilin da ya sa nake ganin fitilarsa a mace na gan shi da idona da na leƙa ofishinsa: kwamfutar tana lulluɓe da wani kyakkyawan ƙyalle mai surfani, an ɗora mata fulas ɗin shayi. Tun da ya zo ba a kunna ta ba. Duk aikinsa da wayar hannu yake yi.

Na yi wa Malam Namadina bayani. Na zana masa a takarda. Na ce lambar nan adireshi ce kawai, kamar lambar shago a kasuwa, kuma mai shago na ɗaya bai fi mai na goma arziki ba. Yana ta gyaɗa kai yana cewa, "Sosai, sosai." Na zare wayar Oga, na mayar da ta Luba rami na ɗaya. Injinta ya kama nan da nan, ta leƙa ta taga ta kira mutum na farko. Na ce a raina ashe aikin bai kai wahalar hanyar ba. Na tafi na yi azahar, na tsaya na ci shinkafa da wake a bakin tasha.

Da na dawo na tarar da Luba a bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa.

"Ya koma," in ji ta.

Na buɗe durowar. Alhaji Sahabi, rami na ɗaya. Malam Namadina ya leƙo ta bayana.

"Na ga ka gama gwajinka ka manta ba ka maida su ba, sai nit taimaka ma."

Na koyar da 'yan aji uku lissafin haruffa da rana tsaka, cikin azumi, ban taɓa jin abin da na ji a wannan lokacin ba. Na ce a yi mini iso wurin Oga.

Alhaji Sahabi ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka zuba mini shayi daga fulas ɗin da ke kan kwamfutar. Na sake bayanin daga farko, har da shagunan kasuwa.

"Ranka shi daɗe, akwatin nan bai san mataki ba."

"Shi bai sani ba. Mutane sun sani. In baƙi sunka zo daga Sakkwato sunka buɗe, sunka ga shugaban ofis lamba sha bakwai, mi za su ce?"

"Ba mai buɗe shi sai ni, ranka shi daɗe."

"Ni na buɗe."

Na kurɓi shayina. Sai na koma kan abin da ya kawo ni, na ce ko ma mene ne, yanzu ya tabbata Luba ba ta da laifi, a janye takardar.

Ya ajiye kofinsa. "Injiniya, yarinyar ga ɗiyar mutane ce, ban son a ce ni nir rufe mata ƙofa. Amma takarda ta fita, kwafi ya tafi Tambuwal. In za ni janye ta sai na rubuta dalili. Wa za ni rubutawa? Namadina, da yab bi umurnina? Ko ni?" Ya ɗan dube ni. "Ko kai, da kac ce injinta kashe shike? Kawo min mai laifi, yanzu yanzu in sa hannu."

Na fito na zauna a kan babur ɗina ina tunani. Zan iya ɗauke saitin rajista daga rami na ɗaya in kai shi na ashirin da uku, aiki ya ci gaba. Amma wannan ba zai janye kwiri ba. Kuma duk shekara ana ƙarin girma, ana canjin wurin aiki, ana ritaya, kowane ɗaya daga ciki kuwa Malam Namadina zai buɗe durowa ya sake jera mutane. Zan ƙare rayuwata a hanyar Kebbe.

Sai na tuna akwai sabuwar manhajar suwic a cikin laftof ɗina. Hedikwata ta aiko da ita da daɗewa, da umarnin a saka idan an sami dama, wanda a yaren ofis yake nufin kada a saka. Na karanta bayaninta a lokacin. Kowace kwamfuta tana da lambarta ta kanta tun daga masana'anta, kuma sabuwar manhajar tana iya gane inji da wannan lambar, ta ba shi hanyarsa ko a wane rami aka soka shi. Tsohuwar ba ta san kowa ba sai rami.

Ƙa'ida ita ce ba a canja manhaja sai da izinin shugaban sashe. Na kira Hajiya Kulu na ba ta labari a taƙaice.

"Mi ya hana ka maida wayar kawai?"

"Na maida, Hajiya. Ta koma."

"Da kanta?"

"Da taimakon sashen mulki."

Na ji ta rufe bakin wayar da hannu, amma bai hana ni jin dariyarta ba. Da ta dawo ta ce in yi, amma in kwafi saitin tukuna, kuma idan akwatin ya mutu a hannuna kada in dawo Tambuwal, in nemi gona a can.

Na koma wurin Oga na ce na gano matsalar: tsohuwar manhajar ce ba ta iya ɗaukar tsarin da ofishin nan yake bi. Ku lura, babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Fuskarsa ta washe.

"Na faɗa! Tun da niz zo nis san injin ga ya tsufa."

Saka manhaja ba wuya gare shi ba, amma yana da lokaci ɗaya mai haɗari. Ka kwafi saitin ka ajiye a laftof. Ka tura sabuwar manhajar. Sannan akwatin ya fara goge tsohuwar yana rubuta sabuwar, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan, ya zama tubali. Sai an kai shi Sakkwato, ofishin ya zauna babu intanet babu rajista, kuma watan ya ƙare da takardar Luba a fayil. Batirin ajiyar wuta na ofishin ya daɗe da mutuwa, janareta ne kawai ke riƙe da mu. Na ce wa Malam Namadina kada kowa ya taɓa wuta. Ya ce zai rubuta sanarwa.

Rubutun ya kai kusan rabi sai aka kira la'asar. Na ga ma'aikata suna miƙewa suna naɗe hannun riga, ban kawo komai a raina ba. Luba ce ta zabura ta fita a guje, takalminta ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Na bi ta. Ashe ɗan masallacin ofishin jikin rumfar janareta yake, kuma al'adarsu duk lokacin salla sai a kashe inji don a ji liman. Ba wanda ya gaya mini, domin a wurinsu wannan ba taɓa wuta ba ne, salla ce.

Na iske ta tsaye ta tare ƙofar rumfar, ga Baba Altine mai kula da inji da butarsa a hannu.

"Ɗiyata, kauce. Tun da anka kawo injin ga nika kashe shi in an yi kira."

"Baba, don girman Allah yau dai ka bari. Aikina na cikin akwatin can."

"Aikinki cikin akwati? To in kashe, in mun sallame in tayar, aikin naki gudu za shi yi?"

"Mutuwa za shi yi, Baba," na ce.

Ya dube ni daga wandona mai laka har sama. "Kai kuma ba ka salla?"

Alhaji Sahabi ne ya raba gardamar, kuma a nan na yaba masa. Ya fito da alwalarsa, ya ji abin da ake ciki, ya ce a kwashe tabarmi a kai gindin dogon yaro. Aka yi jam'i a can tare da manoma da makiyayan da ke jira, janareta yana ta ruri a bayan gida. Luba ba ta bar ƙofar rumfar ba sai da na leƙo na ce an gama. Ni da ita daga baya muka yi tamu sallar.

Akwatin ya kashe kansa ya sake tashi, fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya. Na duba saitin yana nan. Na shigar da lambar injin Luba, na ce duk inda aka gan shi a ba shi hanyar Tambuwal, na adana, na sake adanawa. Daga rami na ashirin da uku rajista ta buɗe. Na zare wayar na gwada ta a na tara, ta yi. Na gwada a na goma sha biyu, ta yi. Duk wannan Malam Namadina yana tsaye a kaina, hankalinsa bai kwanta ba sai da ya ga na mayar da ita ƙasan layi.

Kafin in hau babur Oga ya sa hannu a takardar janyewa. Takardar ta ce binciken ƙwararre ya tabbatar da cewa tsohuwar manhaja ce ta hana aiki, don haka ma'aikaciyar ba ta da laifi. Na bar Luba tana ɗaukar hoton wani dattijo Bafulatani da ya ƙi cire malafarsa. Ba ta yi mini godiya ba, ta ce in gaida Hajiya. Fayil ɗinta ya tafi Sakkwato tare da na sauran, kuma kafin kaka takardar tabbatarwarta ta fito.

Takardar janyewar ma ta tafi Sakkwato, kuma a can akwai masu karatu. Wata safiya Hajiya Kulu ta kira ni ofishinta ta turo mini ambulan a kan tebur. Kwiri ce. Ana so in bayyana dalilin da ya sa na bar tsohuwar manhaja a suwic ɗin Kebbe har ta tsayar da rajista, alhali an aiko mini da sabuwa tuntuni.

"Hajiya, kin san abin da ya faru."

"Na sani. Kana son ka rubuta musu shi?"

Na yi tunanin abin da zai biyo baya: a tuhumi Alhaji Sahabi, shi ya tuhumi Namadina, a ce takardar janyewa an gina ta kan bayanin da bai cika ba, a sake buɗe fayil ɗin Luba. Na ce a'a.

"Kai an tabbatar da kai, ko?"

"An tabbatar."

"To za ka iya ɗauka. Sa hannu nan."

Na sa. Na rubuta amsa layi uku, na ce na yi nadama kuma ba za a sake ba. Kwirin nan ta jinkirta mini ƙarin girma zagaye ɗaya, tana nan a fayil ɗina, wanda yake so ya je ya gani.

Abin da zan gaya muku ke nan. Za a koya muku kwafin saiti kafin ku taɓa komai, da adanawa bayan kun gama, da tsaron wuta lokacin saka manhaja, kuma duk ku riƙe su. Abin da ba a rubuta ba shi ne, a ofisoshinmu gyara na'ura ba ya rufe magana. Laifin da aka riga aka buga a takarda sai an sami wanda zai ɗauke shi, kuma idan ba ku sa baki ba, kan wanda ya fi kowa rauni zai sauka. Saboda haka idan aka tura ku, kafin ku buɗe laftof ku tambayi wa aka tuhuma, kuma an tabbatar da shi ko ba a tabbatar ba. Ni dai na duba ofishin Kebbe kaf ranar nan, na laƙa wa manhaja laifi don ita ce ba ta da fayil. Na manta ni ina da shi.